Ciwon fargaba: Me ya sa likitoci ba sa fara wa da ƙwayar da ta fi saurin kwantar da hankali?

Mutum ya farka cikin dare zuciyarsa na dukan uku-uku, gumi ya jiƙa shi sharkaf, numfashi yana sarƙewa, har ya fara kalmar shahada. Aka garzaya da shi asibiti, aka auna hawan jini, aka yi gwajin zuciya, aka ce lafiyarsa ƙalau. Bayan kwana biyu abin ya dawo. Sai wani mai son sa ya ce ai abu ne mai sauƙi, a je kemis a karɓo ƙwayar barci.

Daga wannan shawarar ce mutane da dama suka bar ciwo ɗaya suka kwaso biyu.

Ciwon fargaba ya wuce faɗuwar gaban da kowa ke ji ranar jarrabawa ko idan bashi ya taso. Tsoro ne da zullumi da ke liƙe wa mutum watanni, ya hana shi barci da aiki da shiga jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu kaɗai ke samun magani. A ƙasar Hausa yawanci ana fara danganta shi da iska ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma jinkirin zuwan yakan ba mai kemis damar zama likita.

Ƙwayar da ke aiki nan take

Diazepam, wadda aka fi sani da Valium, da bromazepam mai sunan kasuwa Lexotan, duk 'yan gida ɗaya ne da ake kira benzodiazepine. Aikinsu rage kaifin saƙonnin ƙwaƙwalwa. Cikin awa guda jiki ya saki, barci ya zo. Duk wanda ya taɓa kwana yana jin kamar ransa zai fita ba zai ga laifin mai son ƙarawa ba.

Matsalar ita ce jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu. Ranar da aka daina kuma fargabar takan dawo fiye da da, da karkarwa da rashin barci, wani ma har ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi ya sa a jagorar da WHO ta sabunta a 2023 ta ce kada a ɗauke su a matsayin maganin ciwon fargaba, sai dai a lokacin da abu ya tsananta, kuma na kwana 3 zuwa 7 kacal.

Haɗarin ya fi yawa idan aka haɗa su da kodin ko tramadol ko barasa, domin suna iya taushe numfashi mutum ya wuce a cikin barci. Ga tsofaffi kuwa suna kawo jiri da mantuwa da faɗuwa. Doka ba ta yarda a sayar da su ba tare da takardar likita ba, ko da yake kowa ya san yadda abin yake a unguwanninmu.

Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

Maganin da ke buƙatar haƙuri

Abin da likitoci suka fi farawa da shi rukuni ne da ake kira SSRI, irin su sertraline da fluoxetine da escitalopram. Asalinsu maganin tsananin damuwa ne, shi ya sa wasu ke mamaki idan suka karanta takardar cikin kwali. Suna aiki ne a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, kuma ba sa sa mutum maye ko ƙishirwar ƙari.

Amma suna da nawa. Sai an yi mako 2 zuwa 6 ana sha kullum kafin a ga sauƙi na sosai. Abin da ya fi karya gwiwa shi ne, a makon farko wasu sukan ji fargabar ta ƙaru, ga tashin zuciya da ciwon kai. A nan ne da yawa ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba, alhali bai ma fara aiki ba. Saboda haka ake farawa da ɗan kaɗan sannan a ƙara.

Akwai kuma abin da kunya ke hana faɗa: suna iya rage sha'awa ko su jinkirta gamsuwa a shimfiɗar aure. Magidanci ko matar aure da suka ga haka gara su gaya wa likita, domin ana iya rage yawan maganin ko a sauya wani. Yin shiru a daina sha a ɓoye shi ke dawo da ciwon.

Idan an samu sauƙi akan ci gaba da sha na aƙalla wata 6 zuwa shekara, sannan a janye a hankali. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 na buƙatar a sa musu ido a makonnin farko, domin a wasunsu tunanin cutar da kai yakan taso. Idan aka ga haka, a koma asibiti a ranar.

Amitriptyline tsohon magani ne mai araha da ake samu kusan ko'ina, yana kuma taimaka wa barci. Sai dai yana busar da baki, yana taurara bayan gida, kuma idan aka sha fiye da ƙima yana iya tsayar da zuciya, don haka a ɓoye shi daga yara. Shi kuwa propranolol bugun zuciya da rawar hannu kawai yake ragewa, ba ya taɓa zullumin, kuma mai asma ba ya shan sa.

Abin da za ka gaya wa likita

Ba maganin da ya dace da kowa. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa tun farko, domin akwai irin su paroxetine da ake kauce musu a lokacin ciki. Mai shan tramadol ya faɗi gaskiya, haɗa shi da SSRI na iya kawo zazzaɓi mai zafi da ruɗewa da jijjiga. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci, yana surutu da kashe kuɗi ba kai ba gindi, shi ma ya faɗa, don maganin na iya tayar masa da wannan yanayin. Haka maganin gargajiya, a ambace shi. Mai azumi kuma ya tambayi lokacin da zai mayar da shan, sahur ko buɗa-baki.

Likita nagari zai fara bincikar ko wani abu ne daban ke kwaikwayon fargaba. Yawan aikin ƙullin maƙogwaro, wanda wani lokaci ke zuwa da maƙoƙo, yana sa bugun zuciya da rama da gumi. Ƙarancin jini ma haka. Sannan ga goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙarin kuzari, duk suna ɗauke da kafin. Mai cin goro daga safe har dare ya fara ragewa ya gani.

Ba kowa ne ma ke buƙatar ƙwaya ba. Zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tayar masa da tsoro da tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali, yana aiki kusan daidai da magani, kuma amfaninsa yakan daɗe bayan an gama.

Cikas ɗin shi ne ƙarancin ƙwararru. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, duk da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda suka yi wa nisa zai iya farawa da likitan babban asibitin garinsu, shi ma yana da ikon rubuta SSRI, ya kuma tura shi gaba idan mako shida suka wuce ba sauƙi.