Takardar Naɗin Taba da Abin da Ke Cikinta

Duk wanda ya zauna a kasuwar Dirin Daji, a ƙasar Sakaba ta masarautar Zuru, ya kuwa lura da ma'amalar mutane da taba, zai ga ba hanya ɗaya ake bi da ita ba: ga dattijon da ba ya rabuwa da lofensa, ga mai tauna garinta haɗe da kanwa, ga saurayin da ke sayen kara ɗaya wurin mai tebur, sa'an nan ga wanda, ko saboda tsadar kwali ko don ya fi amincewa da ganyen da ya san inda aka noma shi, yakan murtsuke busasshiyar taba a tafin hannu, ya nemi 'yar takarda ya naɗe. A kan wannan 'yar takarda za mu tsaya, domin ita ma ƙonewa take yi, hayaƙinta kuma tare da na ganyen yake gangarawa ƙirji.

Lokacin da taba ta iso ƙasashenmu, wajen ƙarshen ƙarni na 16, malamai suka yi saɓani a kan hukuncinta. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, a 1607, ya rubuta risala yana mai ganin halaccinta, alhali Muhammadu al-Wali na Bagarmi, wanda ya zo bayansa, ya tattara hujjoji a kan haramcinta. Amma babu ɗayansu da mas'alar takarda ta dama, saboda lofe aka sani a zamanin. Takarda kuwa abu ce mai daraja wadda fatake ke ƙetaro Sahara da ita, har daga baya irin mai alamar jinjirin wata uku ta shahara wurin marubuta Alƙur'ani, kuma babu mai hankalin da zai cinna wa irinta wuta. Turawa ne suka mai da naɗi sana'a: garin Alkoi na Sifen ya yi suna da wannan takarda, iyalin Lacroix na Faransa suka fito da Rizla, a 1894 kuma masu Zig-Zag suka ƙago sarƙa takardun cikin ɗan kwali yadda in ka zare ɗaya ta biyu za ta leƙo.

To, mene ne bambancin takardun naɗin? Asali dai uku ne. Akwai wadda ake yi da markaɗaɗɗen itace, mai kauri da fari, wadda ba ta wahalar da ɗan koyo, ba ta kuma mutuwa in an kunna ta, sai dai tana cin ganye da sauri, ƙaurinta kuma yana rinjayar ɗanɗanon taba. Akwai ta zaren kittani da danginsa masu kama da ramarmu, mai ɗan kaushi da ke riƙe yatsa. Akwai kuma sirirriyar nan da ake ce wa ta shinkafa, ko da yake galibinta yanzu ba da shinkafa ake yin ta ba, wadda ke ci a hankali, ta bar toka kaɗan, amma ta mutu da zarar an daina zuƙa, in damina ta sauka kuwa ta sha laima ta yi laushi har ta gagari hannun da bai ƙware ba. Masu masana'anta kan zuba alli cikin takardar domin daidaita cin wutarta, shi ya sa tokar wata ke fita fara fat, abin da wasu mashaya ke ɗauka alamar ingancin ganye, alhali aikin alli ne kawai.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne layin mannewa da ake lasa a gefe, wanda a takardun kirki ƙaro ne, wato hawayen itacen dakwara da ake tsinta a Sudan da Cadi da Borno da Yobe, shi ne kuma dai ƙaron da alaramma ke jiƙawa cikin tawadarsa.

Mafi munin zaɓi, a ganina, shi ne wanda ya fi yawa a ƙauye: yagen jarida, ko shafin littafin makaranta, ko takardar buhun siminti, waɗanda ba a yi su domin wuta da huhu ba, suna ɗauke da tawadar ɗab'i da rini da ƙurar da Allah kaɗai ya san adadinta. Mutanenmu na kaffa-kaffa kada su ƙona takarda mai rubutun Larabci, wannan kuwa ladabi ne abin yabo, sai dai ba sa tambayar abin da baƙin boko ke zama in ya ƙone.

Wajibi ne a faɗi cewa takarda mai tsabta tana rage ƙazanta ɗaya ce daga cikin dubbai, gama hayaƙin taba, ko na kamfani ko na gona, yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa cutar daji, likitoci kuma ba su sami naɗin hannu ya fi na inji sauƙin illa ba, balle galibi ba a sa masa matacin bakin kara. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaiɗai, ko da yake masu tebur ba su nuna sun ji labari ba.

Saura wata matsala wadda tamu ce ta gida. A Arewa sunan rizla ya riga ya haɗu da na tabar wiwi da samamen jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, har ya zama magidancin da ya tambaye ta a bainar jama'a sai an bi shi da kallo. Saboda haka manomin da tabarsa ta gargajiya ce zalla yakan gwammace ya tsare mutuncinsa, ya koma gida ya yagi tsohuwar jarida.