Zaren Rama a Cikin Roba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jama'a ya san rama: ganyenta a yi kwaɗo, ɓawonta a jiƙa a rafi a tuƙa igiya. To, ashe zaren nan yana da wani amfani wanda manoman Kafanchan ba su ci moriyarsa ba.

A ƙasar Maleshiya masana sun daɗe suna yanka zaren gutsu-gutsu, suna cuɗa shi da ɗanyar roba, irin wadda 'yan Arewa mazauna Sapele da Binin ke gani ana tatsa. Robar takan ƙara tauri ba tare da nauyi ba, amma fa miƙewarta na raguwa. Wahalar ita ce zaren yana shan ruwa, roba kuwa ba ta shiri da ruwa, sai an wanke shi da soda kafin su kama juna.

Sai dai a nan gida masu saye ne babu. Masaƙar buhuna ta Jos ta rufe tuntuni, Michelin ya bar Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Yau manomin citta a Kwoi buhun leda yake saye, ga ramarsa tsaye a bakin gona.