Gajiyar Da Ke Biyo Bayan Ciwo

Akwai wata irin ƙwayar cuta da likitoci ke kira bairos. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko madubin likita na kullum ba ya nuna ta. Mura da kyanda da ciwon korona duk aikin irinta ne. Yawancin mutane in sun warke, sun warke ke nan. Amma waɗansu, zazzaɓi ya sauka, tari ya tafi, sai gajiya ta zauna musu wata da watanni, wani lokaci ma shekaru.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1955 wani ciwo ya faɗa wa ma'aikatan asibitin Royal Free a birnin Landan, ya kama kusan mutum 300, waɗansunsu suka daɗe ƙarfinsu bai komo ba. Korona kuwa, wadda ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta iso Ikko cikin Fabrairu 2020, ta bar mutane da yawa a duniya da wannan gajiya.

Ka sani wannan ba irin gajiyar noma ba ce, wadda barcin dare ɗaya ke kashewa. Alamarta ita ce ba ta kama ka nan take. Yau ka ji dama, ka tafi kasuwa da ƙafa, ka dawo lafiya. Sai bayan awa 12, ko gobe, ko jibi, jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, kai ya yi dum, abin da aka faɗa maka yanzu ma ka manta. Kana iya kwana uku ko mako guda a kwance saboda tafiyar rana ɗaya. Da ka ji sauƙi kuma sai ka tashi ka rama aikin da ya taru, ka sāke faɗuwa. Haka mutum zai yi ta yi, kowace faɗuwa tana iya fin ta baya.

Dubi rijiya da rani. Ruwa yana tsattsafowa, amma a hankali. In ka ɗebi guga biyu ka dakata, da maraice ka sami wani. In kuwa ka kwashe har laka, sai ka daɗe kana jira. Ƙarfin jikinka yanzu haka yake. Dabarar ita ce ka san iyakar abin da ke tsattsafowa, ka tsaya kafin ka kai ga laka.

To, yaya za ka san iyakar? Tun da ka iya rubutu, nemi ɗan littafi da fensir. Kowace rana rubuta abin da ka yi, da tsawon lokacin da ka ɗauka, da yadda jikinka ya kwana. Bayan mako biyu ka duba. In ka ga duk ran da ka yi sharar gona ta awa guda kana kwanciya jibi, amma minti 20 ba ta kayar da kai, ka gane iyakarka ke nan. Sai ka tsaya ƙasa da ita kaɗan, ko da ran da ka tashi garau. Ranar jin daɗin nan ita ta fi ruɗin mutane.

Ka yanka aiki gunduwa-gunduwa, da hutu tsakani. Abin da za a iya yi a zaune, kamar wanka ko gyaran gyaɗa, kada ka yi shi a tsaye. Aiki mai nauyi, ɗaukar buhu ko jan ruwa, ka ba ƙanenka ko ɗanka. Kada kuma ka zaci aikin hannu kaɗai ke cin ƙarfi. Lissafin kuɗi, da doguwar hira a zaure, da hayaniyar biki, da ɓacin rai, duk daga rijiya ɗaya suke sha. Hutu na gaske shi ne ka kishingiɗa wuri mai inuwa, shiru, ba rediyo, ba waya a hannu.

Maƙwabta za su ce ragwanci ne, ka tashi ka motsa jini. Dā likitoci ma haka suke cewa, a ƙara motsa jiki kowane mako ko da ana jin wuya. Amma cikin Oktoba 2021 hukumar da ke tsara ka'idojin magani a Ingila ta janye wannan shawara ga masu irin gajiyar nan, domin majiyyata da yawa sun ce ta ƙara musu ciwo. In ka yi makonni ba ka faɗi ba, ka iya ƙara aiki kaɗan ka gani. In jiki ya ƙi, ka koma inda kake, ba abin kunya ba ne. Wannan dabara fa ba magani ba ce, tana rage faɗuwa ne kawai.

Kafin duk wannan, je asibiti a gwada jininka. Zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da tarin fuka, da ciwon sukari duk suna kawo kasala, kowannensu kuwa da maganinsa. In kuma ƙirji yana maka ciwo, ko numfashi yana sarƙewa kana zaune, ko ka suma, kada ka jira gobe, a kai ka wurin likita a ranar.