Alhakin Dangi a Kan Gwauraye Tsakanin Hausawa Kirista na Kudancin Kano

Gabatarwa

A ƙauyukan ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kirista, waɗanda akasarinsu zuriyar Maguzawa ne da suka karɓi Kiristanci a ƙarni na 20. Da yawansu mabiya cocin ECWA ne, wadda ta tsiro daga aikin mishan na SIM a 1954. Wannan maƙala ta duba tambaya guda: idan magidanci ya rasu, wa ke da alhakin riƙon matarsa, dangi ko ikilisiya?

Kalmar Gwauruwa

A maganar yau da kullum, Bahaushe kan ce “bazawara” ga matar da aurenta ya ƙare, ta hanyar saki ko mutuwar miji, kuma kalmar na ɗauke da tsammanin sake aure. Hausar coci kuwa, wadda fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta aza wa tubali, ta fi riƙe “gwauruwa”, jam’i “gwauraye”. Bambancin yana da ma’ana: bazawara mace ce da ake nema, gwauruwa mace ce da ake da haƙƙin riƙo.

Tsarin Gargajiya

Joseph Greenberg (1946) ya bayyana rayuwar Maguzawan ƙasar Kano, inda gida ke tsaye a kan gandu. Uba da ’ya’yansa maza, ko wa da ƙannensa, suna noma gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya, mace kuma tana da gayaunarta. Idan miji ya mutu, al’ada ta ba ƙaninsa damar auren matar. Ta haka ’ya’ya da gona ba su fita daga gidan ba, ita ma cinta da shanta ba su yanke ba. Wato riƙon gwauruwa ya rataya ne a kan aure da ƙasar noma.

Abin da Kiristanci Ya Sauya

Da coci ta tsaya a kan auren mace ɗaya, ƙanin da yake da mata ba shi da halin gadon matar wansa. Ƙofar auren ta rufe, amma nauyin bai sauka ba. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 5, ta jera alhakin daki-daki: ’ya’ya da jikoki ne a gaba, sai sauran masu bi na cikin dangi, sannan ikilisiya ta ɗauki wadda ba ta da kowa. Wasiƙar ta sanya shekara 60 a matsayin sharaɗin shiga jerin gwaurayen ikilisiya, ta kuma shawarci masu ƙuruciya su sake aure. Dalilin jerin a fili yake: kada a cinye rabon marar gata a kan mai gata.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsalar tana bayyana ne wajen gona. Makwabciyarta Musulma tana da ƙayyadadden rabo a shari’a, tumuni idan mamaci ya bar ’ya’ya, rubu’i idan bai bari ba. Gwauruwa Kirista kuwa sau da yawa al’adar gado ce ke hukunta lamarinta, al’adar da ta fifita ’ya’ya maza. Wadda ta haifi mata zalla, ko ba ta haihu ba, tana iya rasa gayaunar da ta noma shekara da shekaru. Ga shi gandu yana watsewa, matasa suna tafiya ci-rani. A nan Zumuntar Mata ke shigowa da hatsi da gayyar noma da ziyara. Sai dai taimakon nan yana da haɗarinsa, domin dangi na iya fakewa da shi su zame.

Kammalawa

Riƙon gwauruwa a wannan yanki ya tashi daga haƙƙin da aure ke ɗaurewa, ya koma haƙƙin da imani da zumunci kaɗai ke tsarewa. Ma’auninsa kuwa ba kwanon hatsin da aka kai ranar gaisuwa ba ne. Ma’aunin shi ne, idan damina ta faɗi, wa ke shuka a gonar mamaci, kuma rumbun wa amfanin zai shiga.