Maganin ciwon damuwa a gabashin Sakkwato

Ciwon damuwa lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ke jefa mutum cikin ƙunci da rashin sha'awar komai na tsawon mako 2 ko fiye. Mutuwar ɗan'uwa ko gudun hijira, kamar yadda hare-haren 'yan bindiga suka jawo a yankunan Isa da Sabon Birni, na iya tayar da shi.

Ana magance shi da zaman tattaunawa a asirce da ƙwararre, ko da magunguna waɗanda sai bayan makonni ake ganin amfaninsu, ko a haɗa biyun. Mai neman taimako yakan fara daga asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Wanda ke tunanin kashe kansa kuwa, a kai shi wurin likita nan take.