Daɓen da ke tafiya ƙarƙashin ƙafa: ina iyakarsa?

A watan Janairun 2024 kamfanin Disney na Amurka ya nuna wani daɓe mai suna HoloTile, ƙirƙirar injiniya Lanny Smoot. An jera shi ne da ƙananan fayafai masu juyawa. Mutum zai yi ta tafiya gabas ko yamma, daɓen kuma yana mayar da shi tsakiya, sai ka ga yana ta taku amma bai gusa ba. Manufar ita ce wanda ya sanya tabarau mai nuna duniyar kwamfuta ya yi yawo a cikinta ba tare da ya yi karo da bango ba.

Abin sha'awa ne, amma fa jikin ɗan Adam ba ya ruɗuwa da sauƙi. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bayan a-kori-kura direba ya taka birki ya san abin da ake nufi. Idan mai tafiya ya tsaya kwatsam, sai na'ura ta gane tukuna kafin ta tsayar da daɓen, kuma a wannan ɗan taƙin ne ake tuntsurawa. Ga ido a rufe da tabarau, balle a ga abin dafawa. Sannan ido yana cewa ana gaba, cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana jin wani abu daban, daga nan sai jiri da tashin zuciya.

Maganin fizgar shi ne faɗi, don a mayar da mutum tsakiya sannu a hankali. To amma faɗi kuɗi ne. CyberWalk da aka gwada a Jamus a 2008 filin takunsa mita 4 ne a kan 4, nauyinsa kuwa ya haura tan 10. Wane ɗaki ne zai ɗauki wannan? Shi ya sa kamfanin Virtuix ya bi wata hanya: daɓensa ba ya motsi, takalmi mai santsi ake sanyawa, a kuma ɗaure mutum da ɗamara.

Don haka kafin a hau da yara ko tsofaffi, akwai tambayoyi. In wuta ta ɗauke ana tsakar tafiya, yaya zai tsaya? Bakin doguwar riga ba zai maƙale ba? In mutum biyu suna kai ɗaya ya faɗi, ɗayan fa? Sai masu ƙera shi sun amsa waɗannan kafin ya bar ɗakin gwaji.