Sojojin jini da ciwon daji mai ƙari

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Balbeji, in manomi ko makiyayi ya ga baƙin tabo a tafin ƙafarsa, sai ya ce ƙaya ce ko kaushi. Ya ɗaure da tsumma, ya koma bakin aikinsa. Sau da yawa yana da gaskiya. Amma akwai wani tabo da ba ya warkewa, kullum faɗi yake ƙarawa, daga baya ya fashe ya zama gyambo, har kaluluwa ta fito. Likitoci na kiransa melanom, wato wani irin ciwon daji na fata. Ga baƙar fata, a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce ya fi fitowa. Wannan ciwo ne aka samar wa sabon magani a Amurka a shekarar 2024.

Maganin daga jikin maras lafiya ake fitar da shi. A cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Su ne sojojin jiki, masu kashe duk wata cuta da ta shigo. Tun shekarar 2017 aka yarda da yin amfani da su don maganin ciwon daji na jini. Amma ciwon da ke yin ƙari, kamar na mama ko na hanta ko na fata, ya daɗe yana gagara. Ƙari kamar birni ne mai ganuwa: sojojin ba su shiga sai da wuya, waɗanda suka shiga kuwa ciwon ya raunana su, ga shi kuma ƙwayoyinsa sun yi kama da na lafiyayyen nama.

Wani likita mai suna Steven Rosenberg ya lura cewa ƴan sojojin da suka kutsa cikin ƙarin sun riga sun gane abokin gaba, yawa ne ba su da shi. A shekarar 1988 ya nuna ana iya ciro su a hayayyafa su. Sai a yanko ɗan yankin ƙarin, a rene su a ɗakin bincike kamar mako 3, har su kai dubban miliyoyi. Kafin a maido su, a ba maras lafiya magani mai ƙarfi da zai share musu wuri, sa'an nan a ɗura su ta jijiya. Wahala ce babba, sai mai sauran ƙarfi ke jure ta. A watan Fabrairu na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan magani, sunansa Amtagvi. A gwajin da aka yi, kusan mutum 1 cikin 3 ƙarinsu ya ragu, alhali sauran magunguna sun riga sun kasa.

A shekarar 2024 kuɗinsa dalar Amurka 515.000 ne, wato sama da miliyan 300 na sefa a lokacin, ban da kuɗin jinya. Ko a ƙasar masu arziki wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle ga wanda rumbun gero da ƴan bisashe ne dukiyarsa. Kuma an yi shi ne don ciwon da ya riga ya bazu cikin jiki.

Tun tabon yana ƙarami, wuƙar likita ta isa ta cire shi, yawanci kuma ya tafi ke nan. Ma'aikacin lafiya na ƙauye yana iya tura mutum likitar Tanut, daga can zuwa babbar likitar Damagaram. In ciwon ya yi nisa, sai Yamai, wajen kilomita 900 daga Damagaram, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji ta fara gashi da na'ura a shekarar 2021.